Ruwan da Ya Gangaro daga Muyenga

Saƙon Mubiru ya shigo ina tsaye a tsakiyar ɗakinmu da bokiti a hannu, ruwa ya rufe mini idon sawu. Wayar tana cikin leda na rataye ta a ƙusa, don haka sai da na goge hannu a zanina kafin na ciro ta.

Ku da kuka daɗe kuna bin labarina kun san ni. Waɗanda yau suka fara leƙowa kuwa, sunana Nalule, ina koyar da adabi a wata sakandare, kuma ina zaune da mahaifiyata a Namuwongo, ƙasa da layin dogo, a ɗaki biyun da Baba ya gina kafin ya rasu. Mubiru shi ne mai neman aurena. Gidansu yana kan tudun Muyenga. In na tsaya a bakin ƙofarmu na ɗaga kai ina hango jajayen rufin unguwarsu a tsakanin itatuwa. Shi kuwa na tabbata in ya leƙo ta tagarsa ba abin da zai gani sai tsatsar kwano ta haɗe da juna, ba zai iya cewa ga namu ba.

Ran nan Lahadi ce. Tun bayan azahar aka tsuge da ruwa, kafin la'asar babban kwalbati ya cika ya yi amai. Mun saba, kowa ya san aikinsa. Ni na ɗora katifa a kan tebur, na tattara littattafan ɗalibaina na cusa a saman sif. Mama ta ɗage buhun gawayi da damin matoke, ayabar nan ta dafawa, da za ta kai kasuwa washegari. Daga nan sai kwasa, tana cika roba ina cika bokiti, muna watsawa waje yana dawowa.

Na buɗe saƙon.

"Malama, kina jin ruwan nan? Ina zaune a baranda da shayi, sai ke nake tunawa. Na ci karo da wata 'yar waƙa a shafin wata yarinya, ta yi daidai da mu. Fassara mini, tunda aikinki ne."

Ga abin da ya turo:

Ruwa ya sauka a kan tudu,
ya wanke rufi, ya wanke fure.
Da ya gama ya nufi kwari,
bai yi sallama ba ya shige.
Tudu ya ce, ga kyautata.
Kwari ya buɗe baki, ya cika.

Ban gama karantawa ba wani ya biyo. "Kin gane? Ni ne ruwan. Na sauko ban yi sallama ba na shige zuciyarki, ta cika." Ya jera hotunan zuciya jajaye.

Na tsaya ina kallon rubutun. A daidai ƙafata wani fure mai ruwan hoda yana juyawa a kan ruwan, irin wanda ke lulluɓe katangun Muyenga. A Namuwongo ba mai shuka shi. Kusa da shi ga ledar madara, ga takalmin jariri ƙafa ɗaya.

"Wa ye?" in ji Mama, ba ta ɗago ba.

"Mubiru ne."

"To amsa masa mana. Bar bokitin, ruwa ba gudu zai yi ba."

Na rubuta, "Tana da daɗi." Na goge. Na rubuta, "Ba haka take nufi ba." Shi ma na goge. A ƙarshe hoton murmushi na tura masa, na mayar da wayar cikin leda. Kada ku ga laifina. Mutumin da ke shan shayi a baranda yana tunaninki, ta ina za ki fara masa bayanin takalmin jariri?

Washegari da na tashi daga makaranta na hau boda, babur ɗin haya, zuwa Ntinda, don Goggo Nakiwala ta kira ni. Ƙanwar Baba ce, kuma a wajenmu maganar auren 'ya a hannun goggo take. A gidanta Mubiru ya fara zuwa gaisuwa da 'yan'uwansa, kamar yadda aka saba. Abin da ya rage shi ne kwanjula, ranar da zan gabatar da shi ga dangina a gidan ubana, a kawo kaya, a ci a sha.

Na same ta a falo ta baje yadudduka a kan kujera. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago wani yadi ruwan zuma mai ɗaukar ido, irin wanda ake ɗinka gomesi da shi, doguwar rigar bikin matanmu, ta kara a kafaɗata.

"Wannan ne gomesinki na fitowar farko. Tashi in gani. Kin rame, 'yar nan, ba kya cin abinci ne?"

"Ina ci, Goggo."

"Kina ci ƙashin wuya na fitowa. To zauna, magana za mu yi. A nan za a yi kwanjular. Na yi wa masu tanti magana, sun zo sun auna tsakar gida."

Na ce, "Ba a gidan Baba ba?"

Ta sauke tabarau ta dube ni. "A cikin ruwa za su zauna? Nalule, mutanen nan da motoci za su zo, maza cikin fararen riguna. Ta layin dogo za ki bi da su, suna tsallaka kwata? Nan ma gidan ubanki ne, ciki ɗaya muka fito. In an tambaya, nan kika tashi. Ba ƙarya ba ce, ai kin sha yin hutu a nan."

"Mama fa?"

"Uwar amarya dama ba fitowa take ba, a ɗaki take zama. Ɗakin baya yana nan, kusa da masu girki. Mun gama magana da ita, ta ce to."

Ta ce to. Ban san sun yi maganar ba. Na zauna ina shafa yadin, sanyinsa yana ratsa yatsuna, Goggo tana ta lissafa wanda za a gayyata da wanda ba za a gayyata ba. Daga Namuwongo ba ta ambaci kowa ba, har matar da ta yi ta jinyar Baba tare da mu.

Da na koma gida na tarar da Mama a bakin ƙofa tana feraye matoke. Ruwa ya janye, ya bar laka da wari, ga layin da ya zana a bango ƙasa da na bara kaɗan. Na jawo kujera 'yar tsuguno na ɗauki wuƙa.

"Mama, kin yarda a yi a Ntinda?"

"Me ya yi zafi? Gida ne mai kyau."

"Baba ne ya gina nan."

"Babanki da yana raye shi zai fara cewa a je can." Ta jefa ɓawo a roba. "Kada ki ɗauko mini wata magana, Nalule. Yaro ya zo da mutunci, danginsa ba su ce komai ba. Sauran ki ki yi shiru a gama."

Ban san abin da ya sa ba, sai na ciro waya na ce bari in karanta mata wani abu. Na karanta waƙar a hankali. Ta saurara hannunta bai tsaya ba.

"Wa ya yi ta?"

"Wata yarinya. Mubiru ya ce waƙar soyayya ce."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "To ki bar shi a haka."

"Ke me kika ji?"

"Na ji kwari ya buɗe baki. Da ya rufe bakinsa ai da bai sha ba." Ta miƙo mini tukunya. "Ɗora wannan, duhu na zuwa."

Nan maganar ta tsaya. Muka ci matoke da miyar gyaɗa. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita tun da damina ta lalata ɗayan, amma kwanakin nan ji nake kamar ni kaɗai ce a gidan.

Waƙar kuwa ta maƙale mini. Ina gaban allo ina koya wa yara wani abu daban, layin ƙarshen yana yawo a kaina. Kwari ya buɗe baki, ya cika. Don ya yi godiya ya buɗe? Don ya ce ya isa haka? Yarinyar ba ta faɗa ba, ta dai bar shi da baki cike. Na nemo shafinta na duba. Ba hoton fuska, sai na wata taga da aka toshe da kwali. Na so in rubuta mata in ce na ji ki, sai na ga ban san me zan ƙara a kai ba, na fasa.

Ran Alhamis Mubiru ya ɗauke ni daga makaranta muka je wani wurin shan shayi a Kabalagala. Yana sanye da shuɗiyar rigar da na taɓa cewa tana yi masa kyau. Ina so ku san wannan kafin ku yanke masa hukunci: Mubiru ba mugu ba ne. Mutum ne da ke tuna cewa ba na son sukari da yawa, yake rage tafiya in ya ga takalmina na matsa mini. Ranar da muka fara haɗuwa 'yar yayarsa ya zo ɗauka a makarantarmu, ya tsaya ya riƙe wa mai shara ƙofa.

Ya tura mini farantin sambusa. "Malama ta cinye mini aikin gida. Na turo waƙa an ba ni murmushi kawai. Maki nawa na ci?"

"Ka ci rabi."

"Rabi? Ina ragowar?"

Da na yi dariya na bar maganar, da yanzu ana ɗinka gomesi. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Karanto layi na biyu."

Ya ciro waya. "Ya wanke rufi, ya wanke fure."

"Ruwan da ya yi wanki, yaya yake komawa?"

Ya sake duban wayar. Na ci gaba.

"Na huɗu fa? Wa ke shiga gidan mutane ba sallama? Wanda ya san ba a isa a hana shi ba. Tudu ya gama wanka ya tura abin da ya rage, har yana cewa kyauta ce. Kwarin kuma magana ya so yi, ruwa ya cika masa baki. Ba ƙoshi ya yi ba, Mubiru. Nutsewa yake."

Ya ajiye wayar a hankali. "Ke dai kin iya juya magana."

"Lokacin da ka turo ta ina tsaye cikin ruwa a ɗakinmu. Katifarmu tana kan tebur. Furen unguwarku yana yawo a ƙafata."

Fuskarsa ta sauya. Na ga kunya ta fara zuwa, sannan ɓacin rai ya bi ta ya rufe.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ga shi na faɗa."

"To ni ne ƙazamin ruwan ke nan."

"Ban ce ba."

"Kin ce mana, da ilimi kika faɗa." Ya jingina da kujera. "Nalule, ke kike hana ni wuce layin dogo. Kullum can kike cewa in sauke ki. Na ce bari in raka ki har gida, kika ƙi."

"Sau ɗaya ka ce. Da na ce a'a na ga yadda kafaɗarka ta sauka. Daga ranar ba ka sake tambaya ba."

Bai musa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo fiye da in ya musa. Mai kawo shayi ta zo ta ga fuskokinmu ta juya.

Na ce, "Ba na so a yi kwanjula a Ntinda. A gidan ubana nake so."

"An riga an gaya wa mutane Ntinda. Mama ta sanar da danginta. Motoci a ina za su tsaya? Tsofaffi fa? In aka yi ruwa ranar?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba, amma kina so."

"Ina so ka san inda za ka ɗauko ni."

Ya kai ni har layin dogo kamar kullum. Na buɗe ƙofa a hankali, ina jan lokaci, ko zai kashe mota ya ce mu je. Hannunsa na kan sitiyari. Ya ce, "Ki gaida Mama." Na tsallaka ƙarfen dogon ban waiwaya ba, amma kunnena na baya, na ji lokacin da ya juya motar.

Daga ranar wayata ta mutu da rai. Ba gaisuwar safe, ba "kin ci abinci", ba komai. Ina buɗe shafinsa in ga yana kan layi, in zuba wa sunansa ido har ya sauka. Hotonsa bai cire ba, wanda na ɗauke shi a bakin tafki. Da wannan nake lallashin kaina.

Goggo ce ta kira, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Me kika gaya wa yaron nan? Kawunsa ya kira ni wai a dakata da masu tanti."

"Gaskiya na gaya masa, Goggo."

"Gaskiya. Ita za ki aura? Na ɗauki zancen nan a kaina tun farko, na shiga na fita don kada a raina ɗan'uwana a kabarinsa, ke kuma kin je kin kwance mana zani a gaban surukai. Kina tsammani irin Mubiru a kan hanya ake tsintarsu? Shekarunki nawa yanzu?"

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe. "Ni ma a ƙasan dogon nan na tashi, Nalule. Na san abin da nake raba ki da shi." Ta kashe.

Mama ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daina tashina da asuba, sai in farka in ga ta riga ta tafi kasuwa, ta rufe mini shayi da faranti. Wata yamma na dawo na same ta zaune a bakin gado da tsohon gomesinta na aure a cinya, wanda ta ba tela ya buɗa mata don bikin. Tana ganina ta ninke ta tura ƙarƙashin matashi.

"Mama, ki yi mini magana."

"In ce me? Kin yi karatu, kin fi ni sanin ma'anar abubuwa." Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ni dai so na yi in ga kin kwana inda ba kya tashi duba sama."

Na fita bayan ɗaki na tsaya wajen igiyar shanya na yi kukana. Maƙwabta na ta harkarsu, rediyo na tashi, wata na yi wa ɗanta wanka yana tsala ihu. A unguwar da ba ka iya miƙa hannu ba ka taɓa bangon wani ba, na rasa mutum ɗaya da zan gaya wa. Shi ya sa nake gaya muku. Wasunku za su ce na yi wauta, na sani. Ni ma wani lokacin haka nake cewa. Da na bar shi da fassararsa, wa zai mutu?

Ran Asabar aka yi ruwa da safe, ba mai yawa ba, amma ya isa ya cika lungunmu. Bayan azahar ina durƙushe ina goge laka daga ƙafar gado, waya ta yi ƙara. Na zabura har na buge goshi da katako. Baƙuwar lamba ce.

"Nalule ce?" Muryar mace, a natse.

"Ni ce."

"Mahaifiyar Mubiru ce. Ina bakin layin dogo, wajen masu gawayi. Ki zo."

Sau ɗaya na taɓa ganinta, daga nesa, a wajen wani biki. A al'adarmu uwar ango ba ta taka gidan surukai kafin aure, ko kwanjula ba ta zuwa. Na dubi jikina: tsohuwar riga, zani jiƙe har gwiwa. Na ɗauki mayafi kawai na fita, ban gaya wa Mama ba, tana bayan ɗaki tana wanke tukwane.

Mahaifiyar Mubiru tana tsaye a gefen farar mota, ita kaɗai, ba direba. Doguwa ce, cikin gomesi ruwan toka da ɗamara mai faɗi, jaka a hannu. Masu gawayi sun bar ciniki suna kallo. Na durƙusa a cikin taɓon na gaishe ta. Ta bar ni na gama gaisuwar tsaf kafin ta ce in tashi.

"Mubiru bai san na zo ba," in ji ta.

"Lafiya yake, Mama?"

"Yana nan. Ba ya cin abinci, ba ya magana, in an tambaye shi ya ce aiki ne." Ta dube ni daga sama har ƙasa, ban iya karanta komai a fuskarta ba. "Ina gidan?"

Na nuna mata da hannu. Tsakaninmu da lungun ruwa ne kwance, launin shayi da madara, an jera duwatsu da buhunan yashi, wasu sun nutse.

"Mama, bari in kira mahaifiyata ta fito. Hanyar ba kyau."

"Ban zo don a fito mini ba."

Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta miƙo mini jakarta, ta sunkuya ta tattare gomesin da hannu biyu.

"Wuce gaba."

Muka shiga. Ina jin numfashinta a bayana. A wani wuri dutse ya goce mata ta dafa kafaɗata, hannunta da nauyi, da ta daidaita ta ɗauke. Mata suna leƙowa ta labule. Na kasa haƙuri na ce, "Alheri ne ya kawo ki, Mama?"

"Ba da ke zan yi magana ba."

Mahaifiyata tana bakin ƙofa da tukunya a hannu, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ta dubi matar, ta dubi gomesin da bakinsa ya sha laka, ta dube ni. Ban gabatar da kowa ba, ta gane. Na zaci za ta rikice ta hau ba da haƙuri. Sai ta ajiye tukunyar, ta goge hannu a zani, ta miƙe tsaye sosai yadda na daɗe ban ga ta yi ba.

"Sannu da zuwa. Shigo, gidan ke nan."

Baƙuwar ta sunkuyar da kai ta shiga, don ƙofarmu gajera ce. Na bi bayanta, Mama ta tare ni da hannu.

"Ba mu wuri, Nalule."

Ta saki labule ta turo ƙofa. Na tsaya a waje rungume da jakar matar da ban sani ba ko surukata ce ko ta zo ne ta ce a bar maganar. Na matsa na kara kunne a jikin katako. Na ji an ja kujera, na ji muryar baƙuwar ta fara, "Abin da ya kawo ni…"

Sai yayyafi ya sauko a kan kwano, ya ƙaru, ya rufe komai. Ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba.